Ana Ga Doki, Ni Ina Ga Ƙura: Martani Ga Masu Yi Wa Tarihin 'Yan Lifida Kwalliya

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa babu wata al'ada da Bahaushe yake tinƙaho da ita a gaban baƙo kamar hawan salla. Da zarar an ce a nuna wa duniya ko mu su wane ne, sai a fito da hoton barde cikin lifidi, kansa da kwalkwali, gashin jimina yana kaɗawa, dokinsa kuwa ya sha ado har ba a ganin komai nasa sai idanu da kofato. Hoton nan yana jikin kalanda, yana bangon masaukin baƙi, yana bangon littattafan makaranta. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta shigar da hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada, aka yi ta murna, kuma murnar ta cancanta. Amma fa akwai tambayar da ba a cika son a yi ba: wane ne mutumin da ke cikin lifidin nan, daga ina kakansa ya fito, kuma kafin dokin ya koyi rawa a ƙofar fada, mene ne aikinsa?

Malam Bahaushe yakan ce wa mai gardama, ana ga doki kana ga ƙura. To, ni a wannan maƙala ƙurar na zaɓa in duba, da gangan kuwa, domin a cikinta ne mutanen da tarihin fada ya manta da su suke. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, da yawa daga cikin marubutanmu da mawaƙanmu da manazartanmu sun mayar da rundunar sarki kayan kallo kawai, sun goge jinin da ke jikinta, sun goge gumin da ya raine ta, sannan, abin da ya fi ciwo, sun goge sunayen mutanen da suka yi mata hidima. Wannan ba girmama al'ada ba ne, tauye ta ne.

Daga Kpakungu nake wannan rubutu, unguwar da ke bakin hanyar Bida a garin Minna, inda Bagware da Banufe da Bahaushe suke bin layin famfo ɗaya. Na ambaci wurin ne saboda inda mutum ya tsaya shi ke yanke masa abin da idonsa zai gani. Mai kallo daga Ƙofar Kudu a Kano gaban dokin yake gani. Mu kuwa a nan muna zaune ne a ƙasar da dawakin sarakuna suka daɗe suna bi ta kanta.

Asalin Lifidi Da Aikinsa

Bari mu fara da abin da masu kirari suka fi so, wato daɗewa. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano, kuma dalilin shigo da su shi ne ɓarnar da aka yi wa mayaƙansa a yaƙin Umbatu. Bayansa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya zo da kakaki da figini da dawakin zage. Ke nan rundunar 'yan lifida ta girmi dakarun dawakin da ke gadin Sarkin Ingila, waɗanda aka tabbatar da su a 1660, da shekara 250 ko fiye. Ta kuma girmi mahayan da ke gadin shugaban ƙasar Indiya, waɗanda asalinsu ya koma 1773, da fiye da shekara 350. Wannan abin alfahari ne, ban musa ba. Sai dai masu kawo wannan labari a nan suke rufe littafin, alhali kuwa a wannan babi na Kanajeji kundin ya ci gaba da bayyana cewa sarkin ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi. Ashe tun ranar farko lifidi da bawa tagwaye ne. Wanda ya karanta rabin shafi ya tsallake rabi, zaɓe ya yi, bai yi nazari ba.

Shi kansa lifidin, ya kai mai karatu, ba don ƙawa aka ƙirƙiro shi ba. Sutura ce mai kauri da ake ɗinkawa ninki biyu, a cusa audugar rimi ko ta gona a tsakani, a bi ta da ɗinki, a yi wa mahayi nasa, a yi wa doki nasa, domin kibiya mai dafi ta tsaya a cikin audugar kafin ta kai ga fata. Nauyi gare shi, ga zafi, ga shi kuma abokin gabar wuta, don haka maharba suka koyi harba masa kibiya mai wuta. Baturen nan Kilafaton, wanda ya shaida yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi da Gobirawa a 1826, ya ba da labarin cewa sai mutum biyu sun kama ake ɗora ɗan lifida a kan dokinsa. Aikin waɗannan mutane shi ne su shiga gaba su keta sahun abokan gaba, su kuma kewaye sarki su zama masa ganuwa. Wato dai su ne ake fara miƙa wa mutuwa.

Kuma ba kullum lifidi ke yin nasara ba. A Tafkin Kwatto, cikin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ne yake da 'yan lifida, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa dawakinsu kimanin 20 ne, ƙarfinsu kwari da baka, amma su suka ci yaƙin. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya: waɗanda suka ci nasara a ƙasa ba su daɗe ba suka hau sirdin waɗanda suka kora, suka gaji lifidinsu da tamburansu da sarautunsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya koka, a cikin Tazyinul Waraƙati, kan yadda son mulki da tufafin ƙawa da dawakin nuna isa suka fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a. Kafin a kai 1851, lokacin da Barth ya zo Kano, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano yana iya fitar da mahaya 7,000 da dakarun ƙasa fiye da 20,000.

Wa Ya Ɗauki Nauyin Dokin?

A nan ne nake son mai karatu ya yi lissafi irin na mai gida, ya bar lissafin maroƙi. Doki a ƙasar Hausa ba ya noma, ba a tatsarsa, ba dabbar dako ba ce kamar jaki. Dawa yake ci, da dusa, da harawa, da kanwa, kuma kowace safiya sai wani ya tafi daji ya yanko masa ciyawa, wani ya share barga, wani ya ɗebo ruwa. In ya gangaro kudu ƙudan tsando ya kashe shi, dole a sayo wani daga Barno ko Azbin. Idan aka ce mahaya 7,000, to a ƙirga dubban hannuwan da ke bayansu, waɗanda ba su taɓa sa ƙafa a likkafa ba. Su wane ne waɗannan? Mafi yawansu bayi ne, da talakawan da ake karɓar hatsinsu da sunan haraji. Da doki ake kamo bawa, da bawa ake sayen doki, bawan kuma shi ke ciyar da dokin da za a sake kamo ɗan'uwansa da shi. Wannan ita ce da'irar da ta riƙe fada tun zamanin sarakunan Haɓe har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, kuma babu wata ƙabila ko gidan sarauta da zai ce shi bai shiga ba.

Ga kuma wani abu da zai ba masu kirari mamaki. Shi kansa mutumin da ke cikin lifidin sau da yawa bawan sarki ne. Sarki ba ya sakin jiki da 'yan'uwansa na jini, domin kowane ɗan sarki mai jiran gado ne, saboda haka sai ya damƙa ransa a hannun wanda ba shi da dangi a gari sai shi. Yaron da aka kamo a hari, aka raine shi a cikin gida, aka ba shi doki da mashi, shi ne yakan girma ya zama dogari ko ɗan lifida ko ɗan bindiga. A Kano irin waɗannan mutane da 'ya'yansu cucanawa sun riƙe manyan muƙamai kamar Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, har ta kai hakimai na neman alfarma a wurinsu. Don haka idan ka ga barde ya taho cikin lifidi, mai yiwuwa jikan wanda aka kai wa hari kake gani, ba jikan wanda ya kai harin ba. Wane labari ne ya fi wannan cancantar alƙalamin marubuci? Amma sai ka tarar an bar shi, ana ta siffanta launin jalala.

Ƙasar Da Kofato Ya Taka

Mu dawo gida Minna. Wannan ƙasa ta Gwari ce, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, kuma a ƙarni na 19 tana tsakanin gidajen doki uku: Bida ta Masaba da magadansa, Abuja ta Haɓen Zazzau wadda a yau ake kira Suleja, da kuma Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa a 1864. Umaru da ɗansa Ibrahim, Sarkin Sudan, sun yi suna wajen kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku da Kambari. Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da ke kewaye da Minna, ya kuma san cewa a bisa irinsu mutanen da suka yi gidajensu, ya kamata ya tambayi kansa dalili. Babu manomin da zai bar fadama ya hau dutse da tulun ruwa don sha'awa. Dutse ne kawai wurin da doki ba ya iya sukuwa.

Garin Minna na yau jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan an shimfiɗa dogon Baro zuwa Kano wanda aka kammala a 1911, kuma da dogon ne Hausawa da Nufawa da Yarabawa suka cika shi. Masarautarsa ma ta ƙarni na 20 ce, kuma Sarki Ahmadu Bahago, mutumin Kuta, daga cikin Gbagyi ya fito. Yau Sarkin Minna yana hawa da lema da dogarai da kakaki kamar takwarorinsa, kuma ni a ganina babu abin kunya a ciki. Hasali ma wannan yana cikin abubuwa mafi ban sha'awa a tarihin doki a ƙasar nan, wato ya koma hannun jikokin waɗanda a da suke guje masa. Amma ta yaya yaron Kpakungu zai fahimci girman wannan juyi idan an ɓoye masa abin da ya gabata?

Harshenmu ma bai manta ba, ko da mu mun manta. Muna cewa ihu bayan hari, ba tare da mun tsaya mun tambayi wa ya kai harin, wa ya yi ihun ba. Muna kiran maganar da ba ta fita sosai gwaranci. Muna cewa a yi mana gwari-gwari idan muna son a warware mana zance kamar yadda ake yi wa wanda ba ya ganewa da wuri. Wannan kallo ne na wanda ke bisa sirdi yana duban na ƙasa, ya shige cikin bakinmu ya zauna, har yara suna gadonsa ba su san daga ina ya fito ba.

Yadda Aka Mayar Da Yaƙi Biki

Ƙarshen doki a fagen fama ma a nan yankin ya fara bayyana. A watan Janairu na 1897 sojojin Kamfanin Neja, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, suka tsaya a bakin Bida da igwa da bindiga mai ruwa, dubban mayaƙan Etsu Abubakar suka kasa isa gare su. A 1901 Kwantagora da Bida suka faɗa hannun Lugga. Daga Zungeru, nan kusa da mu, inda ya kafa hedikwatarsa a 1902, ya tsara cin Kano, wadda ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. Cikin wannan wata, a Kwatarkwashi, Waziri Ahmadu ya jagoranci baraden Kano suka yi ta afka wa wata 'yar ƙaramar runduna wadda ba ta kai mutum 50 ba, har ya rasa ransa a wurin. Sakkwato ta faɗi a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya cika a Burmi a watan Yuli. Jarumtar waɗannan mutane ba abin wasa ba ce, kuma ya kamata a tuna cewa yawancin masu harbin nasu ba Turawa ba ne, baƙaƙen soja ne, Hausawa da yawa a cikinsu. Audugar da ta tare kibiya shekara 500 ba ta iya tare harsashi ba.

To me Bature ya yi da dawakin da suka rage? Bai yanka su ba, domin ya fi haka wayo. Da farko ya yi amfani da su: a 1906, bayan talakawan Satiru sun karya sojan doki na Turawa da gatura da fartanyu, mahayan Sakkwato suna cikin waɗanda suka raka sojan da suka je suka shafe garin. Daga nan sai ya mayar da su abin kallo. Kalmar nan da muke cewa daba, har muna bugun ƙirji da hawan daba, daga Indiya Turawa suka taho da ita, inda suka tara sarakunan ƙasar a Delhi a 1877 da 1903 da 1911 domin su yi mubaya'a ga sarautar Ingila. Lugga kansa a Indiya aka haife shi, a can kuma ya yi aikin soja. Taron Delhi na 1903 an yi shi ne wata ɗaya kacal kafin cin Kano. Wannan tsari aka kwafo mana: aka yi a Kano a 1913, aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, aka sake a 1959 don bikin mulkin kai na Jihar Arewa, gwamnatin soja kuma ta gaje shi a bikin FESTAC na 1977.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Hawan salla ya girmi Bature nesa ba kusa ba, kuma jafi yana da ma'anarsa tun asali: mayaƙa su taho a sukwane, su ja linzami a gaban sarki, su ɗaga makami, suna nuna masa biyayya, suna kuma tuna masa a hannun wa ƙarfinsa yake. Abin da Bature ya yi shi ne ya sauya wanda ake yi wa gaisuwar. Hawan Nasarawa a Kano, da hawan bariki a Bida da sauran garuruwa, sunayensu kaɗai sun isa shaida: sarki ne ke hawa ya tafi unguwar Turawa ya gai da Razdan, kamar yadda a yau yake zuwa gai da Gwamna. Wanda ya haɗa hawan idi da hawan Daushe da hawan bariki ya zuba su a ƙwarya ɗaya ya ce duk al'adar kaka da kakanni ce, ya haɗa zamani uku ya dama, ya hana ɗalibi ganin inda aka yi ɗori.

Mai cewa hawa ai biki ne kawai, babu ruwansa da mulki, ya dubi Kano a 2024 da 2025, lokacin da 'yan sanda suka hana hawan salla saboda takaddamar sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi na Biyu da Aminu Ado Bayero. Da ado ne kawai, me zai sa a hana? An hana ne don kowa ya san cewa wanda 'yan lifida suka kewaye, aka busa masa kakaki, shi jama'a za su kira sarki.

Amsa Ga Masu Suka

Na san za a ce mini garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta, kuma a gari irin Minna, inda ƙabilu suke cuɗe, tayar da maganar hari tayar da fitina ne. Amsata ita ce, Gbagyi ba su manta ba. Labarin yana bakin tsofaffinsu a Bosso da Maikunkele da Paiko da Kuta. Shirun da ake yi ɓangare ɗaya ne kawai yake yinsa, kuma ciwon da aka rufe da tsumma ba warkewa yake yi ba, ruɓewa yake yi. Zaman lafiyar da aka gina bisa sharaɗin cewa ɗaya ya yi ta kirari, ɗaya ya yi ta haɗiye magana, ba ya jure ranar da ɗan siyasa ya zo neman abin hura wuta.

Za a kuma ce wannan duk sharrin Turawa ne, sun ƙago shi don su halatta mamayarsu. Gaskiya ne Lugga ya yi amfani da maganar bauta ya rufe kwaɗayin ƙasa, amma shaidun da na dogara da su na gida ne. Kundin tarihin Kano ba Bature ya tsara shi ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, kuma muke koyar da shi shekara da shekaru, a Kagara labarinsa ya fara, nan cikin Jihar Neja, kuma harin da fadawa suka kai ƙasar Gwari shi ne mafarin duk wahalar da ta auka wa gidan su Umar. Baba ta Karo, Bahaushiya Musulma, wadda aka buga tarihin rayuwarta a 1954, ta ba da labarin yadda mutanen Mai Sudan suka kama 'yan gidansu sai da aka fanso su. Ashe kofaton bai tambayi ƙabila ko addini ba. Idan Firayim Minista na farko bai ji kunyar rubuta wannan ba tun yana malamin makaranta, mu me muke tsoro?

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu cewa tunda haka ne a rushe abin gaba ɗaya, ai ragowar mulkin danniya ne da ɓarnar dukiya. Suna da hujjarsu. Dogarai su ne masu kamu da masu rakiyar karɓar haraji da jangali, daga cikinsu aka fitar da 'yan dokan En'e, kuma 'yan NEPU, tun daga kafa ta a 1950, sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun waɗannan kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya bayan juyin mulkin 1966. Amma su ma waɗannan masu suka rabin shafi suka karanta. A bayan kowane doki akwai badukun da ya yi sirdi da ragama, da maƙerin da ya ƙera linzami da likkafa da ƙaimi, da maɗinkin lifidi da ɗauki-saƙa, da maƙeran farin ƙarfe na Bida, da mabusan algaita da makaɗan tambari. Ilmi ne na ɗaruruwan shekaru wanda in ya mutu ba a karanto shi a littafi. Sannan su tuna da ranar 19 ga Janairu 2013, lokacin da 'yan bindiga suka buɗe wa motar Sarkin Kano Ado Bayero wuta a cikin gari. Direbansa da wasu dogaransa suka rasa rayukansu suna kare shi, sarki ya tsira. Mutanen da ake yi wa kallon kayan ado, masu jan rawani da riga ja da kore, sun yi a zamanin bindiga abin da kakanninsu suke yi a zamanin mashi. Wanda ya raina wannan amana bai san mutane ba.

Ina Sunayensu?

Wannan ya kawo ni ga babban ƙorafina. Dakarun dawakin Ingila suna da gidan tarihi a Landan, suna da rajistar waɗanda suka yi aiki a cikinsu, ana iya bin sawun soja ɗaya a san yaƙin da ya halarta. Mu da muke alfaharin mun girme su, mutum nawa ne a cikinmu zai iya lissafa Sarakunan Dogarai biyar na garinsu a jere? Wa zai kawo sunan ɗan lifida ɗaya da ya faɗi a Kwatarkwashi ko a bakin ganuwar Bida? Mun haddace jerin sarakuna da shekarunsu, mun san kirarin kowane hakimi, har sunayen launin dawaki mun sani, akawal da kili da danda, amma zagin da ya yi gudu a gaban dokin tun daga fada har filin idi ba shi da suna a wurinmu.

Kundayen neman digiri a kan hawan salla sun yi yawa a sassan Hausa, kuma mafi yawansu tafiyarsu ɗaya: ma'anar hawa, ire-iren hawa, jerin kayan doki, muhimmancin hawa ga al'umma, kammalawa. Da wuya ka ga wanda ya zauna da tsohon dogari ya tambaye shi asalin gidansu, ko nawa ake ba shi a wata, ko wa ke ɗaukar nauyinsa ranar da ƙafa ta gaza. Da wuya ka ga wanda ya hau mota zuwa ƙauyen Gbagyi ya ɗauko yadda su suke ba da labarin mahaya. Waƙoƙin da ake turo wa mujallu irin wannan kuwa, in dai a kan hawa ne, kusan duk maroƙa ne suka sake riga: ƙura ta tashi, kakaki ya yi kuka, maza sun hau. Samarin da ke hayar doki ranar salla ko ranar angwanci, suna sukuwa a tsakiyar titi har su banke mai talla, 'ya'yan wannan tarbiyya ne. An nuna musu isar da ke cikin hawa, ba a gaya musu nauyin da ke tare da ita ba.

Kammalawa

Abin da nake kira gare shi ba mai wuya ba ne. Na farko, sassan Hausa da na tarihi su tura ɗalibai da rakoda zuwa gidajen Shamaki da Lifidi da Sarkin Dogarai da Sarkin Zagi, a ɗauki salsalarsu da sunayen magabatansu tun masu sani suna raye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a yi irin wannan aiki a garuruwan da aka kai wa hari, a buga labaran biyu a littafi ɗaya, kowa ya ji na ɗan'uwansa. Na uku, masarautu su buɗe rajistar bayin sarki da dogarai, su kuma yi musu tanadin tsufa, tunda su ne ake ɗaukar hotonsu ana tallata ƙasa da shi. Na huɗu, a kira kowane hawa da sunansa, a kuma faɗi zamanin da aka fara shi, a daina lulluɓe su duka da kalmar aro.

Ku kuma matasan marubuta, masu aiko da waƙa da gajeren labari, ga fili nan ba a nome shi ba. Ku rubuta mana yaron da aka ɗauke daga gindin dutse yana shekara bakwai, ya tashi a barga, ya zama ɗan lifida, wata rana aka ba da umarnin hari sai ya ga hanyar garinsu aka nufa. Ku rubuta mana matar dogari a daren da aka ce mijinta ba zai dawo ba. Ku rubuta mana maɗinkin lifidi a shekarar 1904, da allura a hannu, yana tunanin ko wa zai sake sayen aikinsa. Sarki yana da maroƙansa, kuma sun iya aikinsu, ba ya bukatar ku ƙaru a cikinsu. Waɗanda ke cikin ƙurar su ne ba su da mai magana da yawunsu.